Babur ɗin Kalilu Mai Niƙa

Kalilu ɗan Kamarawa ne, amma a Isa ya yi rayuwarsa, a Isa kuma aka san shi. Ubansa manomin gero ne da dawa, kakansa ma haka, shi kaɗai ya fita daban a gidan. Yana da shekara goma sha shida ya zo Isa cin kasuwa, ya ji ƙarar injin niƙa a bayan wata runfa, ya tsaya kallo har abokan tafiyarsa suka gaji suka koma gida suka bar shi. Mai injin, wani Na'Allah, ya ga saurayin ba shi da niyyar tafiya, sai ya miƙa masa tsumma ya ce ya goge ƙafar injin. Daga wannan tsumman ne Kalilu ya yi shekara ashirin da biyar a gindin injin nan, har ya zama da kunne kawai yake gane ciwonsa, har sunan injin ya bi shi, kowa Kalilu Mai Niƙa.

Abu ɗaya da duk wanda ya zauna da shi zai fara faɗa maka shi ne ƙyanƙyaminsa. Ba ya shan ruwa a moɗar da wani ya kai baki sai ya ɗauraye ta. In ƙuda ya faɗa masa a fura, ya bar furar ke nan ko da da yunwa ya wuni. In mutum ya fyace majina kusa da shi, sai ka ga ya tattara rigarsa ya sake wuri, fuska a yamutse. Abokansa kan tsokane shi, su ce mutumin da ke wuni cikin baƙin mai har gwiwar hannu ina shi ina ƙyama. Shi kuwa ya ce baƙin mai ba ƙazanta ba ne, bai taɓa fitowa daga cikin wani mai rai ba. Matarsa Rahmatu ta saba da halinsa. Ta ware masa kwanonsa da moɗarsa, ta kuma koya wa 'ya'yansu mata biyu, Bilki da Fatu, kada su kuskura su taɓa.

Sai shekarun fari suka zo. Da farko ciwon shanu ne ya ratsa garkunan Fulani. Daminar da ta biyo baya ta ɗauke tun gero bai yi ido ba. Ta shekarar tamanin da huɗu kuwa ko sunan damina ba ta ci ba: gero ya kawo gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya bushe a tsaye. Gulbi ya zama rairayi, mata na tona shi har ƙugu kafin su ga laima. Layin ƙwarya da kwano da ke jeruwa gaban injin Na'Allah tun asuba ya fara gajarta, har aka wayi gari ana wuni ba a tayar da injin ba. Wanda ya samu abin sawa a baki, garin rogo ne daga kudu, shi kuwa ba ya bukatar niƙa. Na'Allah ya sa kwaɗo ya rufe runfar, ya kwashi iyalinsa ya yi kudu. Kalilu, yana da shekara arba'in da ɗaya, ya tsinci kansa zaune a ƙofar gida da hannuwa biyu masu tsabta, ba abin da za su yi.

A cikin wannan zaman ne ya tafi Kurawa duba gwaggonsa Tasalla, ƙanwar ubansa, tsohuwa mai zaman kanta. Mijinta, marigayi Malam Yari, malamin dabbobi ne tun zamanin En'e, shi ke zagaya rugage yana yi wa shanu allura. Kalilu ya tarar da awakinta sun ƙare, garken ya zama kango. Ya leƙa ne kawai don ya ga ko akwai itacen da zai sassaro mata, sai ya ga wani lanƙwasasshen ƙarfe ya leƙo daga cikin tarin taki kamar ƙahon sa.

"Gwaggo, mi na na wanga?"

"Babur ɗin marigayi na," in ji ta. "Tun shekarar da yar rasu shina nan. Awaki sunka maishe shi wurin hawa. In kana so ɗauke mani shi, don Allah. Macizai ka kwana ciki."

Kalilu ya dubi tarin. Takin shekara ashirin ne, ya danƙare hawa-hawa, fitsarin awaki ya jiƙa shi ya bushe, ya sake jiƙa shi ya sake bushewa. Ko daga bakin garken zarnin na hawa kai. Ya juya zai tafi. Sai kuma ya dawo ya sa yatsa ɗaya ya kankare gefen ƙarfen, ya ga irin zubin da ba a ƙara yi, mai kauri, aikin Ingila na da. Ya cire hularsa, ya ɗaure hanci da gefen rawani, ya ce a ara masa fartanya.

Wuni guda ya yi yana tono. Kyankyasai suka riƙa tsiyayowa daga cikin salansa, bututun hayaƙin babur, kamar an buɗe musu ƙofa. Sirdin ya zama gidan ɓeraye, da ya taɓa shi sai ya wargaje, jariran ɓera jajaye marasa gashi suka zubo masa a kan ƙafa. Ya yi tsalle baya yana a'uziyya, tsohuwa na zaune a inuwa tana dariya har da tari. Da ya buɗe murfin tanki ya leƙa, wani ƙadangare ne ya mutu a ciki ya narke ya manne da tsatsa. Sau uku yana fita waje ya tofar da yawu ya ce ya fasa, sau uku yana komawa.

Washegari motar kaya mai zuwa Isa ta sauke masa babur ɗin a ƙofar gida da la'asar. Rahmatu ta fito ta dubi abin, ta dubi mijinta, ta toshe hanci da gefen zane.

"Malam, mutane na kawo hatsi gida, kai kuwa taki kak kawo muna?"

"Babur na."

"To Allah shi ba shi lahiya," ta ce, ta koma ciki.

A bayan ɗakinsa ya kafa 'yar runfar zana, ya shimfiɗa tsohuwar tabarma. Ruwan wanki babu, wanda ake samu na sha ne da alwala, don haka da rairayi da toka ya yi ta dirza, sai ɗan kananzir da ya rage masa daga wurin niƙa. Ya kwance babur ɗin kaf, har noti na ƙarshe, kowane da gwangwaninsa. Tankin ya zuba masa tsakuwa da kananzir ya toshe, yana girgizawa kwana da kwanaki, yana zubar da wani jan ruwa mai ɗoyi, har sai da ƙarfe ya fito fes. Ramukan da tsatsa ta ci ya like su da darma. Fistin ya ƙame a cikin gidansa, ya jiƙa shi da mai sati biyu, kullum ya ɗan buga da guntun icce, ran da ya motsa har sai da ya yi kabbara. Ringin da ya karye ya samo na wani mataccen injin ban-ruwa, ya zauna yana goga shi a dutse har ya shiga.

Tayoyi irin na asali ba a ƙara ganinsu ko a Sakkwato. Sai ya samo ƙafafun wani babur na zamani da mota ta take, ya miƙe su, ya sake ɗaura wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, ya sa mai faɗi a baya saboda rairayi. Sirdi ya sassaƙa da icce, ya cusa auduga, wani baduku ya rufe masa da jar fata. Akwai karyayyen gadon ƙarfe da ke jingine a gidan tun aurensu, ya yanka shi ya kai wa mai walda, suka haɗa kariyar ɗora kaya a baya, mai faɗin da za ta ɗauki buhu biyu. A kowane gefe ya rataya akwatin katako, ya yi masa shafin kwano daga ciki. Niyyarsa ita ce in babur ya tashi ya riƙa ɗauko hatsi daga Sabon Birni zuwa ƙauyukan da mota ba ta shiga, ko Allah zai sa ya samu na cefane.

Wata huɗu aka yi ana wannan. A cikin gida kuwa abinci ya koma anza, ɗiyar wani icen daji, wadda Rahmatu ke jiƙawa kwana uku tana sauya ruwa kafin ɗacinta ya ragu, sai dusa, sai busasshen ganyen tafasa. Kwanonin jerenta suka riƙa raguwa daga bango, ɗaya yau ɗaya jibi, suna komawa garin rogo. Shi dai yakan ji ƙarar saukar da kwano daga runfarsa, sai ya ƙara sunkuyar da kai kan aikinsa, yana jin haushin kansa da haushin ƙarfen da ke gabansa.

Abu biyu suka gagare shi, fulogi da sarƙa. Shekarar an rufe iyaka, kayan Maraɗi sun yi wuya. A nan ne Alhaji Ɗanmusa ya shigo. Ɗan kasuwa ne na Sabon Birni, mai fara'a, mai farar riga kullum a goge, wanda ya san duk wata ɓarauniyar hanya tsakanin Gobir da Nijar. Ya ji labarin mai niƙan da ke tayar da mataccen babur, ya zo da kansa ya gani. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa akwatunan, ya danna tayar baya da babban yatsa.

"Malam Kalilu, wanga zai ratsa rairayi da kaya?"

"In yat tashi, Alhaji, ba inda ba shi shiga."

"Mi yar rage?"

Kalilu ya faɗa masa. Bayan kwana tara sai ga saƙo a ƙunshe cikin takarda: sarƙa sabuwa, da fulogi biyu, wanda mutanen Nijar ke kira buji. Alhaji ya ce kyauta ce, shi dai yana son ganin mai sana'a.

Ranar wata Talata bayan la'asar Kalilu ya turo babur ɗin ƙofar gida, ya sha baƙin fenti da koren layi a tanki. Ya buga kik sau goma sha wani abu, ba ko tari. Ya huta, ya hura kafireta, ya sake bugawa. Sai babur ya yi wata irin gyatsa, ya kama, ya riƙe. Wani farin hayaƙi mai warin ƙonannen gashi ya turnuƙe lungun, sauran ƙazantar da ta maƙale a can cikin salansa ke ƙonewa. Maƙwabta suka fito suna tari suna sa albarka. Kalilu ya ɗora tafin hannu a tanki yana jin bugun injin, a karon farko cikin watanni fuskarsa ta saki.

Ba a yi sati ba Alhaji Ɗanmusa ya kawo masa aiki. Ya ce yana sayen ramammun shanu hannun Fulani kafin su faɗi, ana yankawa a daji gaba da Kurawa, a yi bandar naman da hayaƙi, a ɗura a buhu a kai kudu inda ake nemansa. Matsalar ita ce mota ba ta isa wurin, jakuna kuwa sun ƙare. Kalilu zai riƙa ɗauko buhunan zuwa tashar Sabon Birni, sawu biyu a rana, ladansa gero da ɗan abin miya. Kalilu ya ce ya yarda.

Wurin ɗaukar kaya wata runfa ce a gindin tsamiya, ƙarƙashin wani dogon tudun rairayi. Kullum da hantsi Kalilu kan tarar da buhuna a ɗaure, wani mahauci mai suna Amiru ya taya shi lodi, ba ya yawan magana. Hayaƙi na tashi daga bayan tudun, Amiru ya ce can ake banda. Naman na da wani ɗan tsami-tsami a hanci, amma a shekarar komai wari yake, iska kanta warin mushe take ɗauke da shi, don gawar dabba na kwance a kowace hanya. Kalilu ya ɗaure hanci ya yi aikinsa. Babur kuwa ya cika alkawari, yana ratsa rairayi da buhu huɗu kamar ba ya ɗauke da komai.

Gida ya farfaɗo. Aka koma tuƙa tuwo. Duk Juma'a Alhaji kan ce a ƙulla masa banda a takarda ya kai wa iyali. Rahmatu ta wanke ta da ruwan zafi har sau uku, ta cika daddawa da barkono, 'yan matan su cinye har su suɗe kwano. Fatu, wadda wuyanta ya zama kamar sillen kara, ta fara ciko. Shi ma Kalilu ya ci, a kwanonsa na musamman, ya yi hamdala. Sati shida aka yi a haka.

Ranar da abin ya faru ya yi sammako ne fiye da kullum, don yana son ya biya Kamarawa da rana. Ya iso gindin tsamiya ba kowa, ba buhu ko ɗaya. Ya yi ta kiran Amiru, shiru. Sai ya ce bari ya hau tudun ya same su. Ya ba babur wuta, ya haura, yana kaiwa ƙoli iska ta juyo ta buge shi a fuska.

Ya taka birki ba tare da ya sani ba. A ƙasa, cikin kwari, mutum huɗu ne ke jan wata saniya da igiya. Ta kumbura tim, ƙafafunta a sanƙare sama, idanunta ungulu ta riga ta cire. Wuyanta lafiya lau, wuƙa ba ta taɓa shi ba. Gefe guda wasu biyu na feɗe wata da ta fi wannan daɗewa, naman ya yi kore-kore, suna kankare tsutsa da bayan wuƙa suna yarfarwa, suna yanka abin da ya rage suna tsomawa cikin ruwan gishiri da toka. Can kusa da ramin wuta ga kan jaki da kofatai a yashe. Karnuka da ungulaye na ja-in-ja a kan hanji, ƙudaje kuwa sun rufe komai har ƙarar su ta fi ta injin babur. A kan ragar waya, bisa hayaƙi, ga jerin tsokoki suna yin baƙi, suna komawa irin abin da yake kai wa 'ya'yansa duk Juma'a.

Ya sauka, babur ya faɗi gefe bai ko waiwaye shi ba. Ya durƙusa ya yi ta amai har ba abin da ke fitowa sai ɗaci. Da ya ɗago, Amiru na tsaye kansa, hanci ɗaure da tsumma, hannuwansa jage-jage.

"Mushe na," in ji Kalilu da ƙyar. "Amiru, mushe kuka yin banda da shi."

"Da hwarko masu rai muka yankawa," in ji Amiru, idonsa a ƙasa. "Sai sunka ƙare. Alhaji yac ce hayaƙi na kashe komi. Ni ma ɗiya gare ni, Malam."

Ya miƙo hannu zai taya shi tashi. Kalilu ya ja da baya kamar an nuno masa maciji.

Ya tayar da babur ya nufi Sabon Birni da akwatuna wayam. Ya tarar da Alhaji Ɗanmusa a ƙofar shagonsa kan darduma, yana yanke farce, rigar nan fara ƙal. Kalilu bai zauna ba, bai kuma miƙa hannu ba.

"Alhaji, na hau tudu yau."

Alhaji ya ninke askarsa a hankali. "To, ka gani ke nan. Zamna mu yi magana."

"Ba ni zama. Mushe kaka ɗora mani ina kai ma Musulmi. Har da jaki."

"Malam Kalilu, yunwa aka yi. Ko malamai sun ce in rai zai hita, mushe ya halatta. Wa yam mutu don ya ci? Ɗiyanka ba su yi ƙiba ba?"

"Wanda yunwa tak kai ga haka, shi san abin da shika ci, shi ci, tsakaninai da Allah. Kai kuwa yankakke kaka ce musu. Ka taɓa kai shi gidanka?"

Alhaji ya yi murmushi, ya kaɗe ɓawon farce daga cinyarsa. "Ni ba ni cin banda, tana tada mani basir."

Wannan murmushin ya fi abin da ya gani a kwari tayar wa Kalilu da zuciya. Ya tofar da yawu a gefen dardumar, ya juya. Daga nan gidan sarkin fawa ya wuce, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Washegari aka tura mutane da shi a gaba, aka cinna wa wurin wuta, aka binne abin da ya rage. Alhaji ya rantse bai san abin da ma'aikata ke yi a bayan idonsa ba, ya ƙetara Nijar ya yi wata biyu, ya dawo aka ci gaba da gaishe shi a kasuwa kamar da. Kalilu bai ƙara bi ta layin shagonsa ba har ya bar duniya.

Amma abin da ya fi yi masa nauyi a ranar shi ne shiga gida. Ya tarar da Rahmatu na tankaɗe a tsakar gida, 'yan matan sun tafi ɗibar ruwa. Ya tsaya nesa da ita ya faɗa mata komai, bai rage ba. Yana jiran salati da kuka. Ita kuwa ba ta ko ajiye rariyar ba.

"Na sani, Malam."

"Kin san mi?"

"Tun ƙunshi na biyu. Ni ka wanke shi. Naman da anka yanka ba shi yin wanga wari, kuma na ga abin da ka hitowa cikin ruwan."

"Kin sani, kid dahwa, kib ba ɗiyana? Kib ba ni?"

Sai a lokacin ta ajiye rariyar ta dube shi. "Wata huɗu kana bayan ɗaki kana gugar ƙarhe. Ni ka jin kukan Fatu in anza ta murɗe mata ciki. Na dube ta, na dubi naman, na ce Allah shi ɗora mani laihin ni ɗai. In da na hwaɗa maka, da ka bar aikin ran nan, mu koma inda munka hito. Ni ban ci ba ko sau guda, in kana son ka sani."

Kalilu ya dubi tukunyar miya da ke kife a gindin murhu. Ya fi sati biyu ba ya cin abin da ya fito daga tukunyar nan, yana jiƙa garin rogo da kansa a bayan ɗaki. Ba ya iya duban matarsa, ba ya kuma iya cewa ta yi laifi. In 'ya'yansa suka zo gaishe shi ya ga kumatunsu da suka ciko, sai ya kau da kai. Daga baya ya sayo sabuwar tukunyar ƙasa ya ajiye mata, ita kuwa ta ɗauka, ta fasa tsohuwar a bayan gida. Nama kuwa, in ba a gabansa aka yanka ba, bai ƙara kai shi baki ba.

Akwatunan nan biyu ya dirje su da toka, ya shanya, ya turara, warin na nan. Ya ɓalle su ya ƙone. Babur ya zauna a zaure kusan wata guda, ko kallonsa ba ya son yi.

Abin da ya fito da shi ciwo ne. Rijiyoyi sun ƙafe, mutane na shan abin da suka samu, sai amai da gudawa suka ɓarke a ƙauyuka. Wata safiya wani mutumin Turba ya zo a guje ya ce ƙanwarsa na mutuwa, ba jaki, ba mota, an ce mai niƙa na da babur. Kalilu ya san abin da ciwon nan ke yi wa tufafin mai shi da na wanda ya ɗauke shi. Ya ce a nemi wani. Mutumin ya ce ba wani. Kalilu ya yi tsaki, ya shiga ya turo babur.

Kafin su iso ɗakin shan magani na Isa, bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf, abin na gangara har cikin takalminsa. Ya sauke mara lafiya, ya tafi bakin gulbi ya tona rami, ya yi ta dirzar jikinsa da rairayi da ɗan ruwan da ya taru, yana rantsuwar ba zai ƙara ba. Washegari aka sake zuwa daga Kamarawa. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya koma wurin mai walda, suka ɗora wa kariyar majingini kamar na kujera, da ƙugiyoyin da za a ɗaure mara lafiya da zane kada ya sulale, da wurin taka ƙafa mai faɗi. Ya rufe jar fatar sirdin da tsohuwar robar taya don a riƙa wankewa. Ya ware riga ɗaya ta wannan aikin, yana rataye ta a waje bisa darni.

Bai taɓa sabawa ba. Duk tafiya yana mita, yana faɗa, yana ce wa mara lafiya ya juya kansa gefe in abin ya taso. Wasu sun isa da rai, wasu a bayansa suka cika, sai ya ji nauyin mutum ya sauya, ya juya da shi gida. Bai san adadinsu ba, bai kuma yarda a yi masa zancen ba.

Damina ta sauka a tamanin da biyar. Wanda ya samu iri ya shuka. Da kaka Na'Allah ya dawo ya buɗe runfa, ƙwarya da kwano suka sake jeruwa, Kalilu ya koma gindin injinsa. Babur kuwa, ya ci gaba da hawansa shekara goma sha huɗu, zuwa Kamarawa, zuwa Sabon Birni, wani lokaci da mai naƙuda ko wanda maciji ya sara a baya. Ranar da injin babur ɗin ya fashe a hanyar Kamarawa, turo shi ya yi har Isa da ƙafa, yana da shekara hamsin da shida, ya ƙi yarda a taya shi. Wannan karon ya buɗe ya duba ya ce ba gyara. Wani mai lambun albasa ya karɓi ƙafafun ya yi amalanke da su.

Ya rasu cikin azumi bayan 'yan shekaru, ciwon kwana biyar. Ranar sadakar uku wata mata ta shigo gidan, ba wanda ya san ta, ta ce sunanta Fadima, daga Turba take, da ƙafa ta zo. Ta durƙusa gaban Rahmatu ta yi gaisuwa.

"Inna, shekarar amai da gudawa shi yak kawo ni Isa. Tun daga ƙohwar gidanmu har asibiti hwaɗa shika yi mani, wai na ɓata mishi riga. Da munka iso kuwa shi yad ɗauke ni da hannunai yash shiga da ni, don ba ni iya tsayuwa."

Rahmatu ta share ido da gefen mayafi. "Shi na," ta ce. "Tashi daga ƙasa, ɗiyata, ki hau tabarma. Bilki, kawo mata ruwa ta wanke ƙahwa, ta sha tahiya."